Tsanin da Auta Ya Ƙi Hawa

Litinin, da hantsi

Ya sake yi.

Jiya ne, a ɗakin gwajinmu na bayan shagon mai faci. Muna tsakiyar waƙar nan ta Yaya da mutane suka fi so, aka iso wurin da kowa ke sassautawa a bar mini fili. Na ɗauki tsani a jitata. Tsirkiya ta farko lafiya lau, ta biyu lafiya lau, a ta uku ƙaramin yatsana na hagu ya naɗe ya shige tafin hannu. Sauran biyun suka ci gaba su kaɗai, kiɗan ya fito da giɓi-giɓi. Mai ganga ya ɗago ya dube ni. Na nuna masa wayar sifika, wai ita ce ke rawa. Ya gyaɗa kai ya mayar da ido kan gangarsa. Ya san ba waya ba ce, ni ma na san ya sani.

Bari in rubuta yadda tsani yake, don in tabbatar wa kaina ba mantuwa ba ce. Yatsu uku ne ke aikin: manuniya, na tsakiya, da auta, wato ƙaramin yatsa. Manuniya a gida na biyar na wuyan jita, na tsakiya a na shida, auta ya miƙe zuwa na takwas. Ka gama a tsirkiya ɗaya, ka faɗa ta kusa da ita da wannan zubin, ba ka canza komai, har ka ƙure shidan sannan ka juyo. Hannu ba ya tsayawa tunani, shi ya sa yake gudu. Da shi aka san ni. Saboda shi ake ce mini Walƙiya, har matata ma in tsokanarta ta motsa.

Yaya bai ji ba, ko kuma ya ji ya ƙyale. Shi ne mawaƙinmu, shi ne shugaban ƙungiya, kuma tun muna yara in ya buɗe baki ba ya jin kowa sai kansa.

Talata, da yamma

Gajiya ce. Na ba kaina hutu yau, ko jakar jitar ban buɗe ba.

Laraba, da safe

Ba gajiya ba ce.

Laraba, da rana

Matata tana kan keken ɗinkinta a falo ta miƙo mini allurar hannu, wai idonta ya gaji in zura mata zare. Da hannun hagun na riƙe, na zura sau ɗaya. Na ɓalle maɓallan rigata na mayar, lafiya. Na zauna a teburin cin abinci na buga tsani a gefen katakon, manuniya, na tsakiya, auta, da gudun da ban taɓa yin irinsa ba. Auta yana sauka daidai kamar ba shi ba.

Na tashi da murna na ɗauko jita. Daga jin tsirkiya a ƙarƙashinsa ya naɗe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ya ciwo. Da yana ciwo da na san abin da zan shafa masa. Ba kumburi, ba tsami, ba komai, yatsa ne lafiyayye da ya yarda ya yi mini kowane irin aiki a duniya ban da guda ɗaya.

Alhamis, da yamma

Yaya ya shigo ɗakin gwaji yana wasa da makullin mota, na san akwai labari. An ba mu sabon zauren otal ɗin nan na kan titin tasha, Asabar ɗin ƙarshen wata, mu kaɗai a dandamali daga la'asar har a tashi. Shekaru yana neman irin wannan wurin.

Ya nuna ni da makullin ya ce, "Kai Walƙiya, wannan tsanin naka sau biyu nake so ka hau shi ranar. Har a allon talla an sa hotonka."

Mai ganga ya ce, "Wane hoton? Allah ya sa na lokacin da yake da gashi ne."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce tsirkiyoyina sun tsufa, yau rakiya kawai zan yi, ba zan ja gaba ba. Mai fiyano ya daɗe yana goge madannansa da hankici alhali ba ƙura a kansu.

Juma'a, da safe

Aiki zan ba shi har ya dawo hayyacinsa. Haka na koya masa tun farko, haka zan sake koya masa. Na kunna ɗan agogon kiɗan nan na waya mai ƙas-ƙas, na rufe ƙofar ɗaki.

Lahadi, da yamma

Tun Juma'a nake abu ɗaya. Fatar kan yatsuna ta tsage. Da a tsirkiya ta uku yake naɗewa, yanzu tun daga ta farko.

Lahanin tsani ke nan da ban taɓa lura da shi ba. Tunda zubi ɗaya ne a kowace tsirkiya, in yatsa ɗaya ya ƙi, ba sau ɗaya za ka faɗi ba. A kowace tsirkiya sai ka sake faɗuwa a wuri guda, a hawa da a sauka.

Matata ta turo ƙofa da tire a hannu ta ce, "Maigida, wannan ƙas-ƙas ɗin ya shiga kaina, har ɗinki nake yi da shi." Na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba. Ta ajiye tiren a ƙasa ta ja ƙofar a hankali. Na ji kunya, amma ban fita ba.

Litinin, da safe

Na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce. Sannan ta ce, "Nuna mini."

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon hannun, ta sa yatsa ta miƙar da auta, ta sake shi, ya koma. Ta ce, "To ka buga shi a hankali mana. Dole sai da gudu? Ni in keke ya fara cin zare rage ƙafa nake yi."

Na buga mata a hankali don ta ji da kunnenta. Tun ban kai rabi ba ta yatsine fuska. Ba laifinta ba ne. In ka ɗora zubi ɗaya a kan tsirkiya shida, dole wasu sautukan su faɗa wajen waƙar, don ba daidai aka ɗaure tsirkiyoyin ba. Duk mai jita ya san haka. Da gudu suna wucewa kafin kunne ya kama su, sai su bar wani ɗan yaji a baya, kuma yajin nan shi mutane ke tashi tsaye a kansa. A hankali kuwa kowanne sai ya tsaya ya nuna kansa.

Ta ce, "Wannan ne wanda nake ji tun kafin mu yi aure?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Ashe." Ta koma kan kekenta, amma na daɗe ban ji ƙararsa ba.

Talata, da rana

Na gwada ba yatsan zobe aikin auta. Gida na takwas ya yi masa nisa, sai na karkace wuyan hannu kafin ya kai. Ya fara kamawa, har raina ya ɗan yi sanyi. Can sai na ga shi ma yana bin ƙanensa, yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan. Na jefar da jitar a kan gado. Tsoro ya kama ni sosai.

Laraba, da yamma

Ban je gwaji ba. Na ce mura.

Alhamis, da yamma

Mura.

Juma'a, da rana

Matata ce ta matsa sai da muka je asibiti. Likitan farko ya tura mu wurin likitar jijiyoyi a hawa na sama, ita kuma ta ce in ɗauko jitar daga mota. Na zauna a kan gadon duba marasa lafiya, ƙafafuna suna lilo, ina buga wa wata baiwar Allah mai farar riga tsani. Ban taɓa wasa a wurin da ya fi wannan muni ba.

Ta sa na yi a kan tebur, ta sa na yi a kan jita, ta sa na rufe ido na sake. Ta tambayi shekara nawa ina wannan zubin, na faɗa mata. Ta tambayi abin da na yi da abin ya fara, na ce na ƙara masa aiki. Ta ajiye bironta.

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta ce ba a yatsan yake ba, kuma in daina gwada tsanin kwata-kwata, don kowane maimaici ƙara zaunar da shi yake yi.

Na ce, "Likita, har yaushe?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Akwai waɗanda ke samun sauƙi."

Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. A mota matata ta yi ta maganar wani yadi da za ta saya, ta yi ta yi har muka iso gida, ni kuma ina cewa e.

Asabar, da safe

Akwai waɗanda.

Lahadi, da yamma

Yaya ya zo gida. Bai yi sallamarsa mai ƙarfin nan ba. Ya zauna a kujerar da ke kusa da keken ɗinki, matata ta kawo masa ruwa ta shige ciki, daga nan na gane sun yi waya.

Ya ce, "Kawo hannun." Ya kama shi ya jujjuya, yadda yake yi in na faɗi muna yara. "Tun yaushe?"

Na faɗa masa.

"Ni za ka ɓoye wa? Ni na saya maka jitarka ta farko."

Ya sha ruwa, ya dubi silin, ya dubi ƙasa, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Mai fiyano ya ce akwai muryar jita a na'urarsa."

Na ce, "Na san ta. Jita mai mura."

"A cikin taro wa zai gane? Duk sauran waƙar kai za ka buga, rakiya ai ba ta gagare ka ba. In an zo wurin tsani mai sauti, wanda ke riƙe da sifikoki, zai rage naka, mai fiyano ya ɗauka. Kai dai ka fito gaba yadda ka saba, ka yi abin da ka saba yi da hannu."

"Yaya, hoto za ka mayar da ni?"

"Kai nake so su gani a wurin nan, ƙanena. Ko ka fi so in nemo wani ya tsaya inda kake tsayawa?"

Na ce a cire tsanin daga waƙar gaba ɗaya. Ya ce in an cire me ya rage, ai shi mutane ke zuwa ji. Gaskiya ya faɗa, kuma da a wata ranar ce da na ji daɗin jin ta daga bakinsa. Na ce ba zan yi ba. Ya miƙe ya ce in yi tunani. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata, na ture hannun.

Litinin, da hantsi

Ba zan yi ba.

Litinin, da yamma

Na fita sayo wa matata zare na bi ta titin tasha ba tare da na yi niyya ba. Allon yana nan a jikin katangar otal, ya fi ƙofar gidanmu girma. Yaya a tsakiya, ni a gefensa na sunkuyar da kai, hannun hagu a buɗe a kan wuyan jita, auta a miƙe har gida na takwas. Na tsaya ina kallon yatsan nan har mai gadi ya fara kallona. Ya dubi allon, ya dube ni, ya washe baki ya ɗaga mini hannu.

Na manta zaren.

Talata, da rana

Na je gwaji. Ban ce na yarda ba, ba wanda ya tambaye ni. Mai ganga bai yi tsokana ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan duk wadda zai yi.

Da aka tashi mai fiyano ya jawo kujera kusa da ni. Mutumin kirki ne, ba shi da hayaniya, muna tare tun farkon ƙungiyar. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, sai ka faɗa mini sautukan tsanin ɗaya bayan ɗaya. A wurina ba zubi ɗaya ba ne, kowanne da inda yake."

Na zauna ina taɓa masa su da manuniya kaɗai, yana nema a kan madannansa. Abin da hannuna ke yi cikin numfashi ɗaya, muka ɓata rabin yini muna tsinta. Da muka zo tsirkiya ta huɗu ya tsaya.

"Wannan ba ya cikin waƙar."

Na ce, "Na sani. Bar shi."

"Wannan ma."

"Shi ma bar shi."

"In na matsar da su kaɗan za su zauna daidai."

Na ce in ya matsar da su ba tsanina ba ne kuma. Ya ce to. Ya buga, ya sake bugawa, gudu ya fara zuwa. Yana da hannu, ban taɓa cewa ba shi da shi ba. Amma duk lokacin da ya zo kan waɗancan sautukan sai in ga kafaɗarsa ta ɗan noƙe.

Alhamis, da yamma

Yau aka gwada da mai sauti. Ya sa wata 'yar alama da farin tef a kan na'urarsa, inda zai ja nawa ƙasa. An zo wurin, na fito gaba, na ji jitata ta mutu a hannuna, na ji wani abu mai kama da ni yana fitowa daga sifikar bayana. Yaya ya ce in ƙara girgiza kai, wai na tsaya kamar sanda. Na girgiza.

Auta ya naɗe kamar kullum. Mai sauti ya ce daga nesa ba a gani.

Juma'a, da safe

Matata ta goge mini baƙar rigar. Ta ce za ta zo gobe. Na ce kada ta zo. Ta ce ba shawara take nema ba.

Juma'a, da yamma

Na zauna da jitar a cinya ban taɓa ta ba. Na yi tunanin in gwada sau ɗaya, ko Allah zai sa a dace, gobe in yi wa mai sauti alama ya bar mini nawa. Na gwada. Ba a dace ba.

Asabar, da safe

Ba na jin komai. Na ci abinci, na aske gemu.

Lahadi, da hantsi

An yi.

Zauren ya cika har mutane na tsaye a jikin bango. Ƙasan dandamalin sabon katako ne, yana ƙamshin fenti. Muryar Yaya ta fita fes, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na jiya ba. Na yi rakiyata da yatsu biyu, ba wanda ya san bambanci. Matata tana layi na uku, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

Aka zo wurin. Mai ganga ya sassauta, Yaya ya ja da baya ya nuna ni da hannu ya kira sunan da ake kira na, zauren ya amsa. Na fito gaba. Na ga hannun mai sauti ya sauka.

Tsani ya tashi daga bayana. Tsirkiya ta farko, ta biyu, ta uku, hannuna yana bi a kan jitar da ba ta magana. Da aka zo ta huɗu sai na ji babu sautukan nan da ke wajen waƙar. Mai fiyano ya matsar da su. Ban ce da gangan ya yi ba, wataƙila hannunsa ne ya ƙi, kowa da abin da hannunsa ya saba. Kowane sauti ya zauna daidai a cikin waƙar, sumul, ba yaji ko kaɗan. Na ce a raina yanzu za su gane, yanzu wani zai ce wannan ba Walƙiya ba ne. Wallahi so nake su gane.

Suka miƙe tsaye. Tafin ya fi na kowane lokaci. Yaya ya ɗaga yatsu biyu, aka sake hawa, na sake girgiza kai, suka sake tafi. Matata kaɗai na gani a zaune.

Da aka tashi ina naɗe waya wani dattijo ya ratso mutane ya zo ya kama hannuna na hagu da hannayensa biyu. Ya ce tun muna wasa a ƙananan wurare yake bin mu, ba ya bari ya rasa tsanin nan. Ya ce, "Amma ɗana, ban taɓa jin ka buga shi da tsabta kamar yau ba. Hannun nan sai ƙara kyau yake yi."

Na ce na gode, Baba.

Mai fiyano yana can gefe yana sa na'urarsa a jaka, bai ɗago ba.

A mota matata ce ta tuƙa. Muna tsaye a danja na ga tana kallon cinyata, na duba. Yatsuna ne ke gudu a kan gwiwa, manuniya, na tsakiya, auta, hawa da sauka, ba kuskure ko ɗaya. Ta sa hannunta ta danne su har aka ba mu hannu.

Lahadi, da yamma

Yaya ya bugo. Masu otal sun ji daɗi, suna so mu riƙa zuwa duk Asabar. Ya ce yadda aka yi jiya haka za a ci gaba da yi, kuma mai sauti ya ce zai bar farin tef ɗin a inda yake.

Na ce to.